Allo Yana Barci, Fankarsa Tana Juyawa



Sharhinmu na yau a kan wani abu ne da ke faruwa bayan an tashi daga aiki an kulle ofis, ko bayan an kashe fitilar ɗaki an kwanta. Allon kwamfuta nake nufi, monita, wanda ake jona wa kwamfutar tebur ko laftof don a samu faɗin gani. Ka gama aikinka, kwamfuta ta yi barci, allo ya yi baƙi, ƙaramar fitilar nan ta ƙasansa ta koma ruwan lemo tana ƙiftawa. A zatonka an gama shan wuta sai gobe. A allo da yawa haka ne. Amma akwai waɗanda barcin zomo suke yi, fuska ta mutu, ciki kuwa ido biyu, kuma kai ne kake biyan kuɗin wannan zaman.

In kana da irin wannan allo, ga abin da nake so ka gwada a daren yau. Ka bar kwamfutar ta yi barci yadda ka saba, kada ka taɓa komai. Bayan awa ɗaya ka dawo, ka ɗora tafin hannunka a bayan allon, can sama wajen ramukan da iska ke fita. In ka ji roba da sanyinta, madalla. In ka ji ɗumi, to wuta na shiga, domin ɗumin nan wutar lantarki ce da ta shiga ta koma zafi. Sannan ka kashe fankar ɗaki, ka kara kunnenka kusa da ramukan. A wasu allunan za ka ji wata siririyar ƙara tana tashi ba ƙaƙƙautawa. Fanka ce a cikin allon take juyawa, tana fifita wani abu da ya kamata a ce tuni ya huta.

Wannan matsala tsohuwa ce, kuma an taɓa ganin bayanta. Masu shekaru za su tuna tsofaffin allunan nan masu tozo, irin na tsohuwar talabijin, waɗanda kowane ɗaya ke shan wuta kamar ƙwan fitila mai zafi na da. A ofisoshin Amurka ana barinsu a kunne dare da rana. Shi ya sa a shekarar 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tambarin Energy Star, kuma da kwamfutoci da allunansu aka fara. Shekara ɗaya bayan haka, a 1993, ƙungiyar VESA ta masu ƙera kayan nuna hoto ta fito da wata ƙa'ida da ake kira DPMS, wadda ta ba kwamfuta hanyar gaya wa allo cewa ba a bukatarsa yanzu, ya rage wuta ko ya mutu. Daga baya wani masanin makamashi na cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, Alan Meier, ya dage a kan cewa duk na'urar da ke zaman jira kada ta sha fiye da wat ɗaya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta rungumi wannan kira a 1999. A lokacin, ƙiyasin masana ya nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wutar da gidaje ke sha a ƙasashe masu arziki tana tafiya ne a kan na'urorin da babu mai amfani da su. A 2001 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan umarnin da ya tilasta wa ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka su riƙa sayen kayan da suka cika wannan sharaɗi. Tarayyar Turai ta mai da shi doka: wat ɗaya daga 2010, rabin wat daga 2013.

Rabin wat, masu sauraro. Ku riƙe wannan adadi, da shi za mu auna komai. Allon da ke shan rabin wat, ko ya shekara cur yana barci, bai wuce yunit huɗu da ɗan wani abu ba a mitarka. Injiniyoyi sun iya yin haka, sun kuma daɗe da iyawa. To me ya dawo da hannun agogo baya?

Abin da ya faru shi ne allo ya tashi daga allo kawai. A da aikinsa ɗaya ne, ya karɓi hoto ya nuna. Yau kuwa waya ɗaya ta USB-C ke shiga laftof ɗinka daga allo, ita ke kai hoto, ita ke yi wa laftof caji, wani lokaci har wat 90 ko fiye. A bayan allon akwai ramukan USB inda ka soka linzami da madannai da filashi, wani ma har da ramin wayar intanet. Akwai lasifika, akwai kamara. Ɗauki Studio Display na kamfanin Apple da ya fito a 2022. A cikinsa akwai ƙwaƙwalwar A13, irin wadda aka sa a wayar iPhone 11, da kamara, da lasifika shida, da fankoki. Kuma babu makunni a jikinsa ko ɗaya. Ban kawo shi don in ce yana cikin masu ɓarnar wuta ba, na kawo shi ne don a ga inda aka dosa: allo ya zama kwamfuta mai zaman kanta, kuma mai shi ba shi da maɓallin da zai danna ya ce ya isa haka.

Duk abin da aka ƙara wa allo, an ƙara masa dalilin ƙin barci. In an ce ramukan USB su ci gaba da ba da wuta don ka yi cajin wayarka da dare, dole ɓangaren da ke sarrafa wuta a cikin allon ya zauna a farke. In an ce ya farka nan take da zarar ka motsa linzami, dole ƙwaƙwalwarsa ta zauna a shirye. Waɗannan zaɓuɓɓuka suna nan a cikin saitin allon, kuma da yawanmu mun kunna su ba tare da an gaya mana farashinsu ba, ko kuma mun sayi allon na hannu, wanda ya fara amfani da shi a wata ƙasa ya kunna su, muka gaje su a haka. Adadin da ke rubuce a takardar allo an auna shi ne a ɗakin gwaji, da saitin da ya fito da shi daga masana'anta. A kan teburinka, da laftof da waya da filashi duk a rataye a jikinsa, lissafi ya canja.

Mu zo kan fanka, domin ita ce ta fi damun mutane. A 2018 aka fara sayar da wasu manyan allunan masu wasannin kwamfuta, irin su Asus PG27UQ da Acer Predator X27, kowane ɗaya a kan kusan dala 2,000. A cikinsu akwai wani ɓangare na kamfanin Nvidia da ake kira G-Sync, wanda ke daidaita hoton allo da saurin kwamfuta. Samfurin wannan ɓangare da aka sa a cikinsu yana ɗaukar zafi sosai, har sai da aka sa masa fanka. Masu sayen suka fara kokawa: sun kashe kwamfuta, allo ya yi duhu, fanka ba ta tsaya ba. Wani lokaci dalilin mai kyau ne, fankar tana ƙarasa fitar da zafin da ya taru, bayan wasu mintuna ta yi shiru. Amma a irin waɗannan allunan akwai wani saiti na barci mai nauyi, a jerin saitin za ka ga an rubuta Deep Sleep. In a kashe yake, ɓangaren nan ba ya mutuwa, kuma waɗanda suka auna sun sha samun abin da ya haura wat 10 yana tafiya alhali allon baƙi ƙirin ne. Wato fiye da ninki ashirin na rabin wat ɗin da muka ambata.

Za ka ce to me zai sa mutum mai hankali ya kashe saitin da ke rage masa kuɗin wuta? Amsar tana da muhimmanci, domin a nan ne nake ganin laifin ba na mai saye ba ne. Allon da aka jona da wayar DisplayPort, in ya shiga barci mai nauyi, sau da yawa kwamfuta takan ɗauka an cire shi ne gaba ɗaya. Sai Windows ta kwashe duk tagogin aikinka ta tattara su a ɗaya allon, ta canja musu girma. Ka dawo daga salla, ka tarar da aikin da ka shimfiɗa a allo biyu ya cakuɗe, sai ka sake jera komai. Wani lokaci ma allon ya ƙi farkawa sam, sai ka zare waya ka mayar. Mutum ya sha wannan sau goma a rana, ya tambayi mai gyara, mai gyara ya ce ai sauƙi ne, a kashe barci mai nauyin nan. Matsalar tagogi ta tafi, matsalar wuta ta zauna daram. Kamfanin Microsoft ya ɗauki shekaru kafin ya gyara wannan cakuɗewar tagogi, sai a Windows 11 da ta fito a 2021. Amma saitin da aka kashe tun kafin wannan gyara yana nan a kashe a cikin allunan, kuma wasu daga cikinsu su ne ake lodowa a kwantena ana kawo mana kasuwa.

Wani lokacin kuma ƙarar da kake ji ba daga allo take ba, daga laftof take, amma allon ne sila. Laftof da aka rufe murfinta tana jone da allon waje, sau da yawa ba barci take ba, an tsara ta ne ta ci gaba da aiki a haka. A laftof masu katin hoto na musamman, ramin jona allo yakan bi ta kan katin ne kai tsaye, don haka muddin allo na jone, katin ba ya hutawa, zafi ya taru, fanka ta tashi. Masu MacBook Pro mai inci 16 ta 2019 sun daɗe suna kuka da wannan. Ga kuma sabon salon barcin da Microsoft ta kawo tun zamanin Windows 8, wanda ke barin kwamfuta tana leƙa intanet tana karɓar saƙonni ko da tana barci, kamar yadda wayar hannu ke yi. In komai ya tafi daidai, wutar da ake sha kaɗan ce. In wani abu ya saɓa, sai a shiga zagaye: allo ya yi barci ya yanke ramukan USB ɗinsa, kwamfuta ta ji an cire mata linzami ta farka, farkawarta ta tashi allo, bayan minti biyu a sake. Haka za su kwana suna tashin juna, fanka na hurawa, ba wanda ya amfana da komai.

Na san akwai mai sauraron da ke cewa a ransa, wat 10 ko 12 har wani abu ne? A ƙasar da wuta ke da arha kuma ba ta ɗaukewa, mai yiwuwa mutum ya ɗaga kafaɗa. Mu lissafinmu daban ne. Mu ɗauka akwai ofis ko cibiyar koyon kwamfuta mai allo 20, kowane yana shan wat 12 a cikin barci, awa 16 a rana da ba a aiki da shi. Wat 240 ke nan, kusan yunit huɗu a kowace rana, kimanin yunit 1,400 a shekara. A Najeriya, a 2024 kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin Band A ya haura naira 200. In muka yi lissafi da naira 209, ofishin nan ya zubar da kusan naira dubu 290 a shekara a kan allunan da babu mai kallonsu. Da a ce rabin wat suke sha, abin da zai biya bai wuce naira dubu 12 da ɗoriya ba. Bambancin ya isa a sayi wata kwamfutar a ƙara wa ɗalibai.

Ga mai sola da inbata kuwa, abin ya fi ciwo, domin shi ba takardar biya yake jira ba, a daren yake ganin sakamako. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da kimanin wat-awa 2,400, kuma masu haɗa sola za su gaya maka cewa in irin batirin ruwa ne, kada ka riƙa zuƙe fiye da rabinsa in kana so ya yi ƙarko. Saura 1,200 ke nan. Allo ɗaya mai shan wat 12, in ya kwana awa goma, ya cinye 120. Kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tanada wa dare ya tafi, ban da abin da inbata kanta ke ɓatarwa wajen juya wutar. Wannan kason shi ne bambanci tsakanin fankar ɗakin yara ta kai asuba da kuma inbata ta fara kuka ƙarfe huɗu na dare a watan Afrilu. Magidanci ya zargi batir, ya zargi wanda ya haɗa masa sola, wataƙila har ya ci bashi ya ƙara faifai a kan rufi, alhali ɓarawon yana kan tebur a falo da 'yar fitilarsa mai ƙiftawa.

Kuma yanayinmu yana ƙara wa abin nauyi. Fankar da aka saita ta tsaya in ciki ya huce, za ta fi daɗewa tana juyawa a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 35 a Sakkwato ko Damagaram fiye da ofis mai sanyi a Turai. Duk juyawar da ta yi, iska take jawowa, kuma a lokacin hunturu iskar nan ƙura ce. Wanda ya taɓa ganin an buɗe laftof a shagon gyara bayan hunturu ya san abin da nake nufi: ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta toshe hanyar iska, mai gyara yana tsinto ta da ɗan tsinke. Fankar allo kuwa ta fi ta laftof wuyar kaiwa, kuma samun madadinta a kasuwa aiki ne.

Ra'ayina a nan a fili yake. Na'urar da ta nuna maka alamar barci, haƙƙinka ne ta yi barcin. In kamfani ya ga dole allo ya zauna a farke don wani amfani, to ya rubuta a cikin saitin, da lamba, wat nawa wannan zaɓi zai ci, yadda mai saye zai zaɓa da saninsa. Wasu kamfanonin sukan nuna ɗan gargaɗi cewa shan wuta zai ƙaru, amma gargaɗin da babu adadi a cikinsa ba ya shiga kunnen kowa. Sannan a mayar mana da makunni na gaske, wanda in ka danna shi wuta ta yanke. Kuɗin sa shi a jikin allo bai kai ya kawo ba, kuma cire shi don bayan allo ya yi sumul a hoton talla rashin adalci ne ga mutanen da ke ƙirga kowane yunit.

Kafin kamfanoni su ji, akwai abin da ke hannunmu. Ka shiga saitin allon ta maɓallan jikinsa, ka nemi ɓangaren wuta. In akwai barci mai nauyi, kunna shi. In akwai zaɓin farkawa da sauri, ko na barin USB da wuta lokacin da allo ke barci, kashe su, sai fa in da gaske kana bukata. Wayarka tana da cajarta. Hoton nan da ke yawo a allo in an bar kwamfuta, shi ba ya rage wuta, allon a kunne yake sosai. Gara ka saita kwamfuta ta kashe allo bayan minti biyar ko goma. In laftof ce ke kwana da zafi, ka kashe ta gaba ɗaya da dare, ko ka zare wayar allon kafin ka rufe ta. Mai gyaran da ya san aikinsa zai iya dubawa a Windows da umarnin powercfg ya gaya maka abin da ya tashe ta daga barci na ƙarshe.

Hanya mafi tabbas kuwa tana jikin bango. A Najeriya da Ghana mun yi sa'a, soket ɗinmu irin na Ingila ne, galibi da makunni a jikinsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi masu soket irin na Faransa, wanda yawanci ba shi da makunni, sai su nemi wayar ƙari mai ramuka da yawa wadda ke da nata makunnin, su jona allo da firinta da lasifika a kanta, dannawa ɗaya ta kashe duka. Akwai ƙarin riba a nan: na'urar da aka yanke daga bango ta fi tsira in an dawo da wuta da ƙarfi cikin dare.

Sai dai akwai togaciya ɗaya da ba zan tsallake ba. In allonka irin sabbin nan ne na OLED, kada ka yanke masa wuta nan take da ka gama aiki. Irin waɗannan sukan yi wani aikin gyaran fuska bayan an kashe su, don kada hoton da ya daɗe a wuri ɗaya ya bar tabo. Alienware AW3423DW da ya fito a 2022, alal misali, yana neman yin wannan bayan kowace awa huɗu ta aiki, kuma shi ma yana da fanka a ciki. Aikin 'yan mintuna ne, kuma fitilar jikinsa tana nuna maka lokacin da yake yi. Ka bar shi ya gama, sannan ka kashe soket. Wannan wuta ce da ta yi aiki, ba ita muke kuka da ita ba.

Ga masu sayo kaya wa makarantu da asibitoci da ma'aikatu, da masu shagunan kwamfuta, akwai wata ƙaramar na'urar auna wuta da ake sokawa tsakanin soket da filogin allo, tana nuna wat nawa ke wucewa a kowane lokaci. Kuɗinta bai kai na allo ɗaya ba. Kafin a biya kuɗin allo hamsin, a ɗauki ɗaya a jona shi da kwamfuta, a bar shi ya yi barci, a jira minti ashirin, a karanta lambar. In ta sauka ƙasa da wat ɗaya, a saya. In ta tsaya a goma ko sha biyu kuma an juya saiti ba ta sauka ba, a mayar wa dillali kayansa. Kuma a rubuta wannan sharaɗi a takardar kwangila tun farko, kusa da girman allo da farashinsa.